Jon Lok, likitan da ya ce mulki amana ce ba gado ba

Yau za mu leƙa ƙasar Ingila ne, mu koma baya fiye da shekaru 300, domin mu ji labarin wani Bature mai suna Jon Lok, wanda a rubutun Turawa ake sa John Locke. Bai taɓa yin sarauta ba, bai ja runduna zuwa yaƙi ba, hasali ma mutum ne siriri mai fama da ciwon asma, wanda hayaƙin birnin Landan kan kwantar da shi. Amma tambayar da ya daɗe yana juyawa a ransa, tambaya ce da duk wanda ya taɓa tsayawa a shinge da lodin kaya ya yi wa kansa: shin wa ya ba hukuma ikon sa hannu a aljihun mutum, kuma a ina wannan iko ya tsaya?

An haifi Lok ranar 29 ga watan Agusta na shekarar 1632 a wani ƙauye na yankin Samaset, kusa da Biristol, birnin fatake da jiragen ruwa. Kakansa na wajen uba ɗan kasuwar tufafi ne, na wajen uwa kuma majemi, mahaifinsa kuwa ƙaramin lauya ne na karkara. Ya taso ne a lokacin da rigimar haraji ta raba kan ƙasar. Sarki Cals na ɗaya ya rufe majalisa tun 1629, ya yi shekara 11 yana mulki shi kaɗai, kuma da baitulmali ya bushe sai ya tono wani tsohon haraji na gina jiragen yaƙi, wanda a da garuruwan bakin teku kaɗai ke biya, ya ɗora wa kowa da kowa. Wani mai hali, Jon Hamdin, ya ƙi biyan sule 20 da aka yanka masa, ba don ba shi da su ba, sai don majalisa ba ta amince da harajin ba. Alƙalai suka ba sarki gaskiya da ƙaramin rinjaye, amma wutar ba ta mutu ba. A 1642 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin sarki da majalisa, mahaifin Lok ya shiga ɓangaren majalisa a matsayin kyaftin na mayaƙan doki.

Albarkacin kwamandan mahaifinsa ne yaron ya samu shiga makarantar Wesminista ta Landan a 1647. Yana ɗan shekara 16, ranar 30 ga Janairun 1649, aka fille kan sarki a bainar jama'a, ɗan taƙi kaɗan daga makarantarsu. A 1652 ya wuce jami'ar Okusfod, inda karatun gardama irin na da ya gundure shi, ya karkata ga ilimin likitanci da gwaje-gwajen kimiyya tare da masani Robat Boyil.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Lok bai fara da ra'ayin ƴanci ba. Lokacin da aka dawo da sarauta a 1660, aka naɗa Cals na biyu, ya yi murna, har ya rubuta wasu takardu yana kare ikon mai mulki na tsara wa jama'a yadda za su gudanar da wasu al'amuran ibada. Ba abin mamaki ba ne. Wanda ya buɗe ido ya ga yaƙi ya fi tsoron fitina a kan zalunci, kuma sai da ya ga mulki daga ciki sannan ya sake tunani.

Ƙofar ta buɗe masa ne a 1666, sa'ad da ya haɗu da wani babban ɗan siyasa, Lod Ashli, wanda daga baya aka ba sarautar Shaftsbiri. Mutumin ya ɗauke shi zuwa gidansa na Landan a 1667 a matsayin likita. Shekara guda bayan haka Ashli ya kwanta rai a hannun Allah saboda wani ƙurji a hanta, Lok ya jagoranci aikin fiɗa, aka sa masa bututun azurfa da ke zubar da mugunya. Ya tashi, ya ƙara shekara 15 a duniya, kuma bai taɓa manta wannan alheri ba. Daga likita Lok ya zama magatakarda, mai ba da shawara, kuma aminin sirri. A gidan ne ya koyi harkar kuɗi, da ciniki, da yadda ake ƙulla siyasa. A can kuma ya ga abin da ya faru a Janairun 1672, lokacin da sarki ya wayi gari ya dakatar da biyan bashin fiye da fam miliyan 1 da ya ci a hannun maƙeran zinariya, waɗanda su ne bankunan wancan zamani. Kuɗin nan kuwa ajiyar mutane ce. Wasu daga cikinsu suka karye, suka ja masu ajiya suka faɗi tare, kuma wanda ya ci bashin shi ne ke naɗa alƙalan da za a kai wa ƙara.

Daga 1679 ƙasar ta sake ɗaukar zafi. Sarki ba shi da ɗan halak da zai gaje shi, magajinsa shi ne ƙanensa Jems, ɗan ɗariƙar Katolika, wanda ake tsoron zai kawo mulkin kama-karya irin na Faransa. Shaftsbiri ya jagoranci masu neman majalisa ta hana shi gado, sarki kuwa duk lokacin da majalisar ta matsa sai ya rushe ta. Magoya bayan fada suka fito da littafin wani marigayi, Robat Filma, suka buga a 1680. Hujjar Filma ita ce, babu wanda aka haifa da ƴanci, Allah ya ba Annabi Adamu mulkin duniya da abin da ke cikinta, sarakuna kuma su ne magadansa, saboda haka duk abin da talaka ya mallaka alfarma ce daga sarki. Wannan littafi ne Lok ya zauna a ɓoye ya yi wa raddi, cikin abin da aka sani yanzu da Maƙaloli Biyu Kan Mulki.

Maƙala ta farko rusa Filma ce kawai, kuma tambaya guda ta isa: ko da a ce an ba Adamu wannan mulki, wa zai iya nuna mana yau wane ne babban magajinsa cikin ƴan Adam, alhali kowa jikansa ne? Maƙala ta biyu ce ta sa har yau ake kiran sunansa.

Ya ce mu ƙaddara babu hukuma ko kaɗan. A ganinsa, ko a wannan hali mutane ba dabbobi ba ne, domin akwai doka da hankali ke nuna wa kowa. Dukkansu halittar Ubangiji ɗaya ne, babu wanda aka halitta don ya zama abin amfanin wani, don haka babu mai ikon taɓa ran ɗan'uwansa, ko lafiyarsa, ko ƴancinsa, ko dukiyarsa. Waɗannan haƙƙoƙi da su ake haihuwar mutum, ba sarki ya bayar ba balle ya karɓe. Dukiya kuma asalinta gumi ne. Ruwan da ke gudu a ƙorama na kowa ne, amma wanda ke cikin tulu na wanda ya ɗebo ne, domin ya haɗa shi da wahalarsa. Sai dai ya gindaya sharaɗi biyu, wato kada mutum ya kwashe ya hana saura, kada kuma ya tara abin da zai ruɓe a hannunsa. Ƙirƙiro kuɗi, waɗanda ba sa ruɓewa, shi ya ba mutane damar tara fiye da abin da za su ci, kuma darajar kuɗin kanta daga yardar jama'a take.

To idan haka ne, me ya kawo hukuma? Lok ya ce abu uku ne suka yi ƙaranci. Babu rubutacciyar doka da kowa ya sani, babu alƙali da ba ya da ɓangare, babu kuma ƙarfin da zai tilasta hukunci. Kowa alƙalin kansa ne, kuma son kai ba ya barin mutum ya yi wa kansa adalci. Duk ɗan kasuwa ya san wannan: in ciniki ya ɓaci tsakanin baƙo da ɗan gari, kuma babu sarkin kasuwa ko dattijon da duka biyun suka yarda da shi, sai mai ƙarfi ya tafi da kaya. Saboda haka mutane suka yarda da kansu su miƙa ikon hukunci ga hukuma, domin ta tsare musu rai da ƴanci da dukiya. Wannan ne aikinta, kuma shi ne iyakarta. Kalmar da ya fi maimaitawa ita ce amana. Mai mulki kamar mai gidan da fatake ke sauka ne su bar masa kaya: yana da ladansa, yana da girmansa, amma kayan ba nasa ba ne.

Kada mai karatu ya ɗauka Lok ya haramta haraji. Ko kusa. Ya ce duk wanda ke cin moriyar tsaro dole ya ba da nasa kason, domin hukuma ba ta tafiya sai da kuɗi. Abin da ya ƙi shi ne a karɓa ba da yardar jama'a ba, ko ta bakinsu ko ta bakin wakilan da suka zaɓa, domin idan wani na iya ɗaukar abinka duk lokacin da ya ga dama, to ba naka ba ne tun farko. Ya kawo misalin soja, inda biyayya ta fi ko'ina tsanani. Saje na iya umartar soja ya tunkari bakin igwa, janar na iya yanke masa hukuncin kisa idan ya gudu daga fagen fama, amma duk cikinsu babu mai ikon karɓar ko kwabo daga aljihunsa, saboda an ba su wancan iko ne don tsaron ƙasa, kuɗin sojan kuwa ba su da alaƙa da wannan. Haka nan dole doka ta zama sananniya tun kafin a yi laifi, kuma mudu ɗaya za a auna wa na kusa da fada da manomin da ke bayan garma.

Masu goyon bayan sarki suka ce, ai gara zaluncin mutum ɗaya da rikicin mutum dubu. Lok ya amsa da cewa wannan daidai yake da mutum ya yi ta dabarar kare kansa daga dila, sannan ya miƙa wuyansa ga zaki yana cewa ya tsira. Ɗan fashin da ya ɗora maka wuƙa a maƙogwaro ya sa ka sa hannu a takardar gidanka bai mallaki gidan ba, kuma laifin bai canza ba don mai yinsa na sanye da kambin sarauta. Daga nan ya kai ga maganar da ke iya sa a rataye mutum a wancan zamani: idan mai riƙon amana ya ci amana, ikon ya koma hannun masu shi, kuma suna da haƙƙin tuɓe shi su naɗa wani. Bai ce a tashi kan kowane ƙaramin kuskure ba. Ya lura cewa jama'a na da haƙuri ƙwarai, ba sa motsi sai zalunci ya yi ta maimaituwa har kowa ya gane inda aka dosa. A irin wannan hali, a cewarsa, mai mulkin da ya karya doka shi ne ɗan tawaye na ainihi.

Rubuta irin wannan magana kasada ce da rai. Shaftsbiri ya tsere Holan a 1682, ya mutu can a farkon 1683. A wannan shekara aka bankaɗo wata maƙarƙashiyar kashe sarki da ƙanensa, aka shiga kame. Wani mai suna Aljanon Sidni, da aka rasa shaida na biyu a kansa, sai aka kawo rubutun da aka samu a ɗakinsa a matsayin shaida, aka fille masa kai. Lok bai jira ba, ya tsallaka Holan a watan Satumban 1683. A 1684 sarki ya ba da umarni aka kore shi daga muƙaminsa na Okusfod, a 1685 kuma sunansa ya fito cikin jerin waɗanda Ingila ke neman a miƙa mata, har ya koma zama a ɓoye da sunan aro na Dakta Fan da Lindin.

Zaman gudun hijirar nan na fiye da shekara 5 ya yi masa rana. Holan ƙasar ƴan kasuwa ce, inda mabiya ɗariƙu daban-daban ke ciniki da juna, kuma a idonsa dubban Furotesta suka kwararo daga Faransa bayan Sarki Luwi na 14 ya soke dokar da ke kare su a 1685. A lokacin ne ya rubuta wasiƙarsa kan haƙuri da addinin juna, inda ya ce takobi na iya tilasta wa baki amma ba ya sa zuciya ta yi imani, kuma bai kamata a hana Musulmi ko Bayahude haƙƙinsa na ɗan ƙasa saboda addininsa ba. Sai dai haƙurin nasa na da iyaka, domin ya cire waɗanda ba su yarda da Allah ba, bisa hujjar cewa rantsuwarsu ba abin dogaro ba ce, bai kuma sake jiki da ƴan Katolika ba.

Jems ya hau gado a 1685, aka kore shi a 1688, surukinsa Wilyam na Holan ya karɓi mulki bisa sharuɗɗan majalisa. Lok ya dawo gida a Fabrairun 1689 cikin ayarin Gimbiya Meri, kuma a ƙarshen shekarar littafin ya fito, amma babu sunan marubuci a jikinsa. Ko aminansa bai yarda ya gaya musu ba. An daɗe ana zaton ya rubuta shi ne don wanke juyin 1688, sai a 1960 wani masanin Kambirij, Pita Lasilet, ya nuna cewa yawancinsa an rubuta shi shekaru kafin haka, wato kira ne ga juyin da bai riga ya zo ba.

A shekarunsa na ƙarshe ya shiga gardamar kuɗi gadan-gadan. Da aka nemi majalisa ta rage kuɗin ruwa da doka daga kashi 6 zuwa 4 cikin 100, ya ce farashin kuɗi kamar na kowace haja ne, yawansu da ƙarancinsu ke yanke shi, dokar kuwa za ta tura harkar bayan fage ne kawai, masu wayo su ci riba, zawarawa da marayu su yi asara. Sannan ga matsalar sulallan azurfa, waɗanda ɓata-gari suka yi ta yanke wa gefe har wasu suka rasa kusan rabin nauyinsu. Sakataren baitulmali, Wilyam Launds, ya ba da shawarar a sake buga su da ƙarancin azurfa amma a bar musu sunansu. Lok ya ce wannan algus ne da hatimin hukuma, domin wanda ya ba da bashi da cikakken awo za a biya shi da ragagge. Waɗanda suka kwana da sefa a Janairun 1994 suka tashi darajarta ta ragu da rabi sun san zafin da yake nufi. Ra'ayinsa ne ya yi nasara a 1696, amma gaskiya ita ce talakawa sun sha wuya, domin kuɗi sun yi ƙaranci a kasuwa ciniki ya tsaya, kuma masana tattalin arziki da dama na ganin Launds ya fi shi fahimtar halin da ake ciki.

Akwai kuma inda alƙalamin mai tarihi ba zai tsallake ba, musamman a wannan nahiya tamu. Mutumin nan da ya rubuta cewa an haifi kowa da ƴanci, ya zuba kimanin fam 600 a kamfanin Royal African Company, wanda aka ba izini a 1672, mai babban sansani a Kef Kos ta ƙasar Gana ta yau, wanda kuma ya kwashi dubun dubatar ƴan Afirka zuwa gonakin rake, ana yi musu lamba da wuta a jiki kamar shanu. Shugaban kamfanin kuwa shi ne Jems ɗin nan da Lok ke tsoron zai bautar da Ingilishi. Tun a 1669 ma yana magatakarda aka tsara kundin mulkin Karolina a Amurka, wanda ya ba ubangida cikakken iko a kan bayinsa baƙar fata. Masu kare shi na cewa aikin ubangidansa ya rubuta, kuma ya sayar da hannun jarin daga baya, sannan da ya zama kwamishina a hukumar ciniki daga 1696 zuwa 1700 ya soki tsarin ba masu shigo da bayi filaye a Bajiniya. Duk an ji. Amma ko bisa ma'aunin littafinsa, wanda ya halatta bautar da wanda aka kama yana yaƙin zalunci kaɗai, ban da ƴaƴansa, cinikin da ya sa kuɗinsa a ciki fashi ne, kuma bai taɓa fitowa fili ya faɗi haka ba. Hujjarsa ta cewa noma ke ba da mallakar ƙasa ita ma ta yi wa Turawa amfani wajen ƙwace filayen ƴan asalin Amurka. Ko talakawan ƙasarsa bai tausaya musu sosai ba, domin a 1697 ya ba da shawarar a riƙa sa ƴaƴan matalauta aiki a makarantun saƙa tun suna shekara 3.

Sai dai magana zarar bunu ce. Da Amurkawa suka yi rigimar haraji da Ingila, hujjojinsa suka ɗauka suka zuba a takardar ƴancin kansu ta 1776, wadda Tomas Jafasan, shi ma mai bayi, ya tsara. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Faransa ta 1789 ta lissafa ƴanci, da dukiya, da tsaro, da bijire wa zalunci a matsayin dalilin kafa kowace hukuma. Shekara 2 bayan haka bayin yankin da ake kira Haiti a yau suka tashi, suka nuna cewa maganar ta shafe su, har suka kafa ƙasarsu a 1804.

Lok bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Tun 1691 ya koma zama a karkarar Esis, gidan wata tsohuwar aminiyarsa, Damaris Masham, da mijinta, saboda iskar Landan ta fi ƙarfin ƙirjinsa. Bai taɓa aure ba, bai bar ɗa ba. Mutum ne mai tsantseni da lissafi, wanda ke rubuta duk kwabon da ya shiga da wanda ya fita. Makonni kaɗan kafin mutuwarsa ya yi ƙari a wasiyyarsa, inda a karon farko ya amsa cewa shi ne marubucin Maƙaloli Biyu Kan Mulki. Ya mutu ranar 28 ga Oktoban 1704 yana da shekara 72, uwargida Masham na karanta masa Zabura, aka binne shi a harabar cocin ƙauyen Hai Leba. Littattafansa fiye da 3,000 aka raba su biyu, rabi ga wani ɗan'uwansa lauya, rabi ga ɗan matar da ta yi jinyarsa.